Tsinken Awo

Jibi zan bar Sakkwato.
Na shiga Tsohuwar Kasuwa da takarda a hannu,
ta sha ninki har ta fara rabewa a tsaka,
kowa a gida ya rubuto ransa a kanta.

Inna faifai take so, mai jan baki,
ba na roba ba, in ji ta, mai lanƙwashewa a kan tukunya.
Tanimu ya ce jakar fata, wadda za a tambaye shi inda ya samo.
Maƙwabciyar da ko goronta ban taɓa ci ba
ita ma ta aiko: albasa, rabin buhu,
wai ta ji ta nan ba ta ruɓewa.

Rana ta tsaya a kan kowa.
Mai baro yana ihun a ba shi hanya,
wani ya saƙala mini carbi a wuyan hannu, ya ce sai na taya.
Mai faifai ta ce dubu uku, na ce ɗaya,
ta dube ni tun daga hula har silifa:
"Baƙo, kabar ga ba ita ta saƙa kanta ba."
Muka ja, muka ja, har na yi kamar zan wuce,
ta kira ni a kan dubu biyu ba ɗari biyu.

Warin jima ya tare ni kafin in ga layin dukawa,
bagaruwa da man shanu da fatar jar akuya.
Ga tintimai an jibge su ba ciki, kamar masa,
ga zabira, ga kube, ga jakunkuna na lilo a ƙusa.
Can ƙurya tsoho Arzika,
tabarau ɗaure da zare, basilla a baki.

Na zaro abin da ba ya cikin takarda:
tsinken tsintsiya, naɗe a ledar magani,
Saratu ta ba direba ya kawo mini.
Na ce, "Takalmin yarinya, daidai wannan."

Ya juya shi. Bai dubi takalma ba, ni ya duba.
"Yaushe anka karya shi?"
Na ce bayan ƙaramar salla.
Ya lanƙwasa yatsu, ɗaya, biyu, har huɗu.
"Ƙahwar ɗiya ba ta jiran ubanta.
Ƙara yatsa guda."

Na yi shiru.
Ranar da na taho, Hindatu rarrafe take,
tana jan bakin wandona a zaure.
Yanzu an ce ta hana kaji sakat a tsakar gida.
Na san muryarta a waya,
ban san ƙarar sawunta ba.

Ya laluba ƙasan tari ya fiddo wasu ja,
an bi gefensu da koren zare, ɗinki sitik sitik.
Ya faɗi kuɗi. Na ƙirga na miƙa.
Ni da na kusa faɗa a kan faifai.

Tsoho ya ɓata rai.
"Haba! Wanda bai taya ba, bai gaida mai kaya ba."
Ya cire ɗari biyar ya tura mini a aljihu,
ya mayar da basillarsa baki.

Sai a cikin keke na tuna da albasa.
Maƙwabciya ta yi haƙuri, ko ta yi gunaguni,
Azare ma akwai kasuwa.

Da dare a masauki na baje kaya a kan katifa.
Faifai, jaka, carbin da ban yi niyya ba.
Takalman biyu suka zauna a tafin hannuna ɗaya,
har da sauran wuri.
Na ɗora tsinken a kan na dama,
ya gaza, kamar yadda tsoho ya ce.
Na kai shi bakin kwandon shara,
na dawo da shi,
na mayar cikin ledarsa, na sa a aljihun gaba.